Haɗin da Yaya Ya Jiƙa

Yayana ya yi shekara talatin da ɗaya yana ciyar da shanun wani, kuma duk tsawon lokacin nan babu dabba ɗaya da ta mutu saboda abin da ya zuba mata a komi. Ciwo ya kashe wasu, maciji ya sari wasu, akwai ma wani sakaran bijimi da ya haɗiye igiyar buhu ya sheƙa. Amma a ce abincin da Yaya ya haɗa da hannunsa ne ya kashe dabba, wannan ba a taɓa ji ba. Ba shi da gida nasa na kansa, ba shi da gona, ko keken kirki bai taɓa mallaka ba. Wannan suna shi ne duk abin da ya tara a duniya, kuma ni ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na raba shi da shi.

Gidan gonar da muke aiki na kiwon shanun nama ne. Ana sayo maruƙan da ba su daɗe da barin nono ba, ramammu, a tsare su a shinge wata takwas ko tara, sannan a sayar wa mahauta. Ba a fita da su daji. Abincinsu busasshiyar ciyawa ce da ake yanka a ƙarshen damina, a ɗaure dami-dami, a jibge a wata doguwar rumfa. Sai kuma haɗi, wanda shi ne aikin Yaya. Ni direba ne, ni nake ɗauko buhuna, ni nake ɗauko maruƙan.

Duk wanda ya tsaya kusa da Yaya minti biyar sai ya sha karatun ciyawa, ko yana so ko ba ya so.

"Ciyawar da ta bushe ciki kawai take cikawa," haka yake cewa. "Ka ba maraƙi ita zalla, zai wuni yana tuƙa, cikinsa ya yi kamar tulu, amma daga bakin ƙofa kana ganin haƙarƙarinsa. Mai girma yana bukatar abin gina jiki."

Abin gina jikin shi ne tunkuzar angurya, wato abin da ya rage bayan an matse mai daga 'ya'yan auduga, a haɗa da dusa da gishiri, da harawar wake in an samu. Ba wani mai yawa ake ba su ba, kwano guda ga kowane maraƙi. Abin mamakin shi ne da zarar maraƙi ya fara samun wannan kwano guda, sai cin ciyawar ma ya ƙaru, gashinsa ya kwanta, tozo ya fara tasowa.

Ɗakin haɗinsa ƙarami ne, rufin kwano, daɓen siminti da ya lotse a tsakiya saboda shekarun da shebur ya yi yana gogarsa. Akwai sikeli a lungu wanda gizo-gizo ya mayar gida, don Yaya bai taɓa yarda da shi ba. Ma'auninsa wani tsohon kwanon silba ne mai lanƙwasasshen baki, sai hannunsa, sai harshensa. Duk buhun da ya buɗe sai ya ɗebi kaɗan ya murza, ya shinshina, ya ɗora a harshe. Da safe kuwa kafin ya gaisa da ɗan Adam sai ya zaga shinge yana duba kashin shanu. In ya ga ya yi tauri ya hau kan juna, ya san haɗi ya yi kaɗan. In ya baje ya yi ruwa-ruwa, ya yi yawa. Matarsa takan ce ita dai ba ta yi sa'a ba, da a ce yana kallonta da irin natsuwar da yake kallon kashin shanu da ta san ta yi aure. Ma'aikata suna kiransa Baban Maruƙa, har Maigida, mai gonar, da haka yake kiransa.

Yana da wata dabara tasa da ba a koya masa a ko'ina ba. Maruƙan da aka sauko da su daga mota bayan kwana biyu a hanya sukan zo a galabaice, maƙogwaro a bushe, ga yunwa. In ka zuba musu busasshiyar dusa sai su yi ta tari, wasu su ƙi ci. To shi sai ya zuba haɗin a komi ya kwarara ruwa, ya dama da hannu har ruwan ya taso sama fari-fari. Maraƙi ya zo ya sha ruwan, ya ji daɗi, ya bi ƙasa ya lashe sauran. Ruwan baƙi yake kiran abin. Da wannan ruwan baƙi ya tayar da maruƙan da kowa ya cire rai da su, ba ɗaya ba, ba ɗari ba.

Kada a ɗauka waliyyi nake ba da labarinsa. Yaya yana da baki, kuma bakin nan a kaina ya fi sauka. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni koyon mota, shi ya roƙa mini aiki a gonar, shi ya tsaya mini na yi aure. Saboda haka a wurinsa ban taɓa girma ba. Ina da shekara arba'in da huɗu, da furfura a gemu da 'ya'ya bakwai, amma sai ya tsayar da ni a gaban masu yankan ciyawa ya yi mini wankin babban bargo don na bar buhu biyu a rana.

"Auta, kai dai kanka ado ne," zai ce. "Allah ya ba ka shi don hula ta samu wurin zama."

Kowa ya yi dariya, ni ma in yi, don ba yadda zan yi. Amma abin yana taruwa a raina, kuma ba zan ɓoye ba, yana cikin abin da ya jawo abin da ya faru.

Shekarar da tunkuza ta yi tsada ita ce shekarar da Maigida ya gaji ya miƙa wa ɗansa ragamar gona. Ɗan ya yi karatun noma, yana da kwamfuta da takalmin roba mai tsabta. Manaja muke kiransa. Ba mugu ba ne, zan faɗi gaskiyarsa. Mutum ne mai son a ce shi ya yi, kuma ya tsani yadda ubansa yake tsallake shi ya je ya tambayi Baban Maruƙa. Sau biyu ya kawo sabon tsari, sau biyu Yaya ya je wurin Maigida ya rushe shi da magana uku.

Sai ya zo da maganar yuriya. Yuriya dai takin nan ne fari da ake zuba wa masara. Ashe tumbin saniya yana iya sarrafa shi ya zama nama, in an sa ɗan kaɗan a dusa a madadin tunkuza. Wannan ba ƙarya ba ne, daga baya na gani da idona. Manaja ya je wani injin niƙan abincin dabbobi a gari ya sa aka haɗa masa, aka niƙe shi lukwi yadda ba za ka ga ƙwayar takin ba, aka zuba a tsofaffin buhunanmu na tunkuza. Ni aka aika in ɗauko.

Mai injin ya biyo ni har bakin mota yana kaɗe gari daga gira.

"Direba, kai ne za ka kai wa mai ba su abinci?"

Na ce ni ne, yayana ne ma.

"To madalla. Ka faɗa masa abu uku. Wannan haɗin da taki a ciki, kuma mai ƙarfi ne. Ya fara da ɗan kaɗan, kamar cikin tafin hannu, sai sun yi mako biyu suna sabawa. Kada ya ba dabbar da ta kwana da yunwa. Kuma ko da wasa kada ya jiƙa shi. Takin narkewa yake ya taru a ruwan, wadda ta sha ta tafi."

Babu abin da ban gane ba a maganar nan. Da Hausa ya yi ta, tsaf, har da ɗaga yatsu.

Da na dawo na samu Manaja a ofis na mayar masa da maganar. Ya yi murmushi yana danna waya.

"Masu inji ke nan, sai sun tsorata mutum. Na san duk wannan, ni zan zauna da shi in tsara masa. Amma ba yanzu ba. In ka faɗa masa yau, gobe yana gaban Baba yana cewa zan ba shanu taki. Ka bar shi tukuna, tsohon haɗi bai ƙare ba. Ka ji ko?"

Na ce na ji, ranka ya daɗe. A watan ne aka ba ni sabuwar mota, aka kuma mayar da iyalina ɗaki biyu a gidajen ma'aikata. Wanda ya yi mini wannan shi ne yake cewa in yi shiru, kuma gaskiya shirun bai yi mini wuya ba. Har wani daɗi na ji a ce yau akwai abin da na sani game da haɗi wanda Baban Maruƙa bai sani ba.

Ina sauke buhunan a ɗakin haɗi Yaya ya shigo. Ya farke bakin ɗaya, ya murza, ya shinshina, ya ɗora a harshe. Ya tsaya. Ya sake ɗiba.

"Auta, wannan da wani ɗaci-ɗaci. An canza wani abu ne?"

"Gishiri suka ƙara," na ce, ban ko ɗago ba. "Wani sabon iri ne wai."

Ya tofar, ya goge baki da bayan hannu.

"Gishirin zamani," ya ce. "Ko shi ma sun lalata shi."

Bai ƙara tambaya ba. Mutumin da bai yarda da sikeli ba, bai yarda da takardar da ke jikin buhu ba, bai yarda da Manaja da kwamfutarsa ba, ya yarda da ni.

Na ce a raina gobe zan faɗa masa. Goben aka tura ni ɗauko maruƙa arba'in daga wata kasuwa mai nisa, kwana biyu muna hanya. Mun iso da hantsi, rana ta fara zafi. Aka sauke su a shingen baƙi, ƙafafunsu na rawa, idanu sun faɗa. Manaja ya tafi gari tun da safe. Na ja mota gefen famfo na fara wanke kashin da suka ɓata ta da shi.

Daga inda nake zuwa komin baƙi bai fi taku talatin ba. Na ga Yaya ya turo baro da sabon buhu a kai, don baƙi a wurinsa sai sabon buhu. Na ga ya auna da kwanonsa, cikakke, kwano guda ga kowane maraƙi kamar yadda ya saba da tunkuza. Na ga ya ɗauki bokiti. Yatsun mai injin nan uku suka dawo mini, duka ukun ga su a gabana lokaci ɗaya: ba su saba ba, da yunwa, ga ruwa.

Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sai na ga masu yankan ciyawa su shida sun jingina da shinge suna kallon baƙin. In na yi magana yanzu, sai in faɗi dalili. In na faɗi dalili, ya gane na yi masa ƙarya ranar da ya tambaye ni, kuma a gaban mutanen nan zai tsige ni tas. Na ce wa kaina ai masu inji sun iya zuzuta abu, Manaja ma da ya yi karatu ya faɗa. Na juya baya na ci gaba da fesa wa taya ruwa.

Ba a yi rabin awa ba. Na farko da ya fara shi ne mafi ƙarfi a cikinsu, wani ja mai farin goshi da ya ture sauran ya sha ya ƙoshi. Ya tsaya yana karkarwa, yawu na dalala daga bakinsa, ya yi taku biyu kamar mashayi ya faɗi. Cikinsa ya kumbura ta hagu kana gani. Kafin a kai gare shi biyu sun sake faɗuwa, sai huɗu. Kukan da suke yi ban taɓa jin saniya ta yi irinsa ba, kuma ba na fatan in sake ji.

Yaya ya tsallake shinge kamar ba ɗan shekara sittin da biyu ba. Ya kifar da komin da ƙafa, ya ce a kore sauran. Ya zaro wuƙa ya huda cikin jan nan don iska ta fita, ya koma kan na biyu, yana kiran a kawo ruwan sanyi. Yana ɗura wa wannan, wancan yana shure-shure. Ni ma ina ciki, ina riƙe kai, ina danne ƙafa, har da ba da shawara. Da likitan dabbobi ya iso bayan awa biyu da jarkokin ruwan tsami na karya gubar, sha tara sun riga sun mutu. Yaya yana zaune a cikin taɓo, kan wani maraƙi a cinyarsa, yana share masa kumfa daga hanci da bakin rigarsa.

Da la'asar Maigida ya zo da kansa. Aka ajiye masa kujerar roba a ƙarƙashin rumfar ciyawa, muka tsaya a gabansa. Likita ya yi bayani a taƙaice, ya ce haɗin da yuriya a ciki, an ba su da yawa, da yunwa, kuma an jiƙa. Ya ce ko ɗaya daga cikin ukun ya isa.

Maigida ya juya ga ɗansa. "Taki a abincin shanuna?"

"Ana yi a ko'ina, Baba, likita ma zai gaya maka," in ji Manaja. Fuskarsa ta yi fari amma muryarsa ba ta rawa. "Matsalar ba a bi ƙa'ida ba ne. Mai injin ya ba direba saƙo, ni ma na jaddada masa ya faɗa wa yayansa."

Idanu suka dawo kaina. Maigida ya ce, "Direba, ka faɗa masa?"

In na ce a'a, Manaja ne ya hana ni, to maganata ce da ta ɗan mai gona, kuma kowa ya san wadda za a ɗauka. In na ce a'a kawai, a ranar zan kwashe 'ya'ya bakwai da mace mai tsohon ciki in fita titi. Na kalli Yaya. Shi ma ni yake kallo, kuma na ga lokacin da ya gane. Bai yi fushi ba, fuskarsa ce kawai ta sauka, kamar ya tsufa a tsaye.

"Ya faɗa mini, ranka ya daɗe," in ji Yaya. "Ranar da ya kawo buhunan ya faɗa mini. Ni ne na manta."

Da Maigida ya yi masa ihu, ya zage shi, ya kira 'yan sanda, da abin ya zo da sauƙi. Sai ya girgiza kai kawai, idonsa ya kawo ruwa.

"Tsufa ke nan, Baban Maruƙa. Duk za mu je can. Laifina ne da ban sallame ka ka huta da wuri ba."

Da wannan tausayin aka kore shi. A ƙarshen mako ni na kwashe kayansa a sabuwar motata na kai shi gidan babban ɗansa a gari, wanda malamin makaranta ne. Aka ba shi da matarsa ɗakin baya, kusa da inda ake shanya. Duk hanya bai ce mini uffan ba sai sau ɗaya, da ya ce in rage gudu akwai rami.

Abin da bai lissafa ba, ko kuma ya lissafa ya haɗiye, shi ne cewa kalmar nan da ya furta ba za ta tsaya a gona ba. Ta riga shi isa gari. Da, masu kiwon sa ɗaya ko biyu a bayan gida sukan zo takanas su tambaye shi yadda za su haɗa dusa. Duk suka ɗauke ƙafa. Ya je wata gona neman aiki, ko na share komi ne, mai gadin ƙofa ma bai bar shi ya shiga ba. Wata rana a kasuwa ya ga wani da ramammen maraƙi, bakinsa ya ƙi shiru, ya ce masa wannan ciyawa zalla yake ci, ka ƙara masa tunkuza. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Baba, ba kai ne wanda ya manta ba? A bar mini shi da ramarsa."

Na cikin gida ya fi ciwo, don su da ƙauna suke yi. Matarsa ta fara maimaita masa magana sau biyu, a hankali, da ɗaga murya. Malam, ɗan nasa, ya hana shi raka jikarsa makaranta, wai kada su ɓata. Aka daina aikensa ko shagon bakin layi sai da rubutacciyar takarda. In ya ajiye hula ya tambayi inda take, abin da kowane mai hula yake yi, sai a kalli juna. In ya tuna wani abu daidai, ranar da aka yi kaza shekara ashirin da suka wuce, sai a tafa masa kamar ƙaramin yaro, a ce kai, yau kan Baba ya dawo. Mutumin da ya san shanu ɗari uku ɗaya bayan ɗaya, ya san wanda ke jin tsoron turereniya ya ware masa kominsa daban, shi ne aka koma ɓoye wa ashana.

A gona kuwa Manaja ya ci gaba da yuriyarsa. Ya ɗauko sabon mai haɗi, aka goge sikeli, aka rubuta ƙa'idoji uku da jan fenti a bangon ɗakin haɗi. Aka bi a hankali, shanu suka yi ƙiba, Maigida ya riƙa yabon ɗansa a gaban baƙi. Ni aka ƙara mini girma na zama shugaban direbobi. Ban taɓa tayar da maganar da Manaja ba, shi ma bai taɓa ba, sai dai kullum yana gaishe ni da fara'a fiye da kowa.

Duk wata nakan je in gaida Yaya, da ledar sukari da ganyen shayi. Yana karɓa ya yi godiya. Ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya tambayi shanu, ya tambayi ko ciyawar bana ta yi kyau. Amma tun daga ranar nan bai sake yi mini faɗa ba, ko sau ɗaya. Bai sake cewa kaina ado ba ne. Yana yi mini magana da ladabi irin wanda ake yi wa baƙon da ya zo daga nesa, har ya taso ya raka ni ƙofa. Na sha yin abin da na san zai ɓata masa rai da gangan, in taka tabarmarsa da takalmi, in katse shi yana magana, ko zai zage ni in samu sauƙi. Sai ya matsar da tabarmar kawai.

Sau ɗaya na gwada. Muna zaune mu biyu a ƙofar ɗakin bayan, na ce, "Yaya, maganar ranar nan."

"Yaya jikin mai ɗakinka?" ya ce. "An ce ƙafa tana damunta."

Na ce da sauƙi. Na ji daɗi da ya rufe maganar, wannan ma ba zan ɓoye ba. Shekara shida ina jin daɗin rufewar nan duk wata.

Ciwonsa bai yi kwana goma ba. Kwana biyu bayan mun binne shi dangi suka cika falon Malam da rana, mata a kan tabarma, maza a kujeru, ana ta tuna shi. Sai wata ƙanwar matarsa ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Allah ya hutar da bawansa. Ai kan nasa ya daɗe da tafiya, tun abin gonar nan." Kowa ya gyaɗa kai. Malam ya ce shi abin da ya fi ba shi tausayi, har ya rasu bai yarda cewa yana da mantuwa ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na faɗi komai a tsaye. Na faɗi mai injin da yatsunsa uku, da abin da Manaja ya ce a ofis, da gishirin da na ƙirƙira, da taku talatin da ke tsakanina da komi, da bayan da na juya. Na ce Yaya bai manta komai ba, ba a faɗa masa ba ne, ya ɗauka ne don kada a kore ni da 'ya'yana. Na ce kansa lafiya lau yake har ranar da ya bar duniya, ni ne na sa kuka riƙa ɓoye masa ashana. Na gama na tsaya ina jiran duk abin da za su yi mini, kuma a shirye nake.

Matar Yaya ce ta fara fashewa da kuka. Ta rufe fuska da mayafi, da ƙyar ta iya magana.

"Allah ya yi maka albarka, Auta. Ku ga ɗan'uwa. Yayansa yana kwance a ƙasa ma, shi yana neman rufa masa asiri."

"Ba rufa asiri nake ba," na ce. "Wallahi gaskiya nake faɗa muku."

Malam ya taso ya dafa kafaɗata. "Baffa, zauna. Mun san yadda kake sonsa, shekara shida ba ka taɓa fashin zuwa ba. Ba sai ka ɗora wa kanka ba. Shi da bakinsa ya faɗa a gaban mutane, kuma mu da muka zauna da shi mun ga yadda yake."

Na rantse, na sake rantsuwa. Na ce a je a tambayi mai injin, aka ce ai ya daɗe da tashi daga garin. Na ce a kira Manaja, Malam ya ce haba Baffa, a ranar makoki. Duk rantsuwar da na ƙara, sai kukan matan ya ƙaru, wata ta kawo mini ruwa, wani ya ce a fita da ni in sha iska, baƙin ciki ne ya taɓa ni. Mutum ɗaya ne a duniya da zai ce haka ne, kuma shekaranjiya na zuba masa ƙasa da hannuna.

Yanzu a cikin dangi in 'yan'uwa suka yi faɗa, da ni ake ba su misali. Bayan an raba 'yan kayansa, matar Yaya ta aiko jikarta da ƙulli a leda, rigarsa ce mafi kyau, shuɗiya, wadda bai sa ba sai sau uku. Ta ce a faɗa mini duk dangi babu wanda ya cancanci ya sa ta sai ni. Na gwada, ta yi mini daidai.